Kar Ku Taɓa Yawun

Lahadi da dare, Kafanchan

Ladi ta samu barci. Da safe a coci ta faɗi tana jijjiga, kumfa a baki. Matan zumunta suka ja baya, wata ta ce, "Farfaɗiya ce, kar ku taɓa yawun!" Ni kaɗai na sunkuci 'yata.

A asibiti nas ta ce, "Mama, zafin zazzaɓi ne ya kawo jijjigar. Farfaɗiya ita ce mai dawowa ko babu zazzaɓi, kuma ko ita ba a ɗauka a yawu."

Na gode wa Yesu. Amma da maƙwabciyata Maman Bitrus ta zo gaisuwa, ta ƙi shan ruwan da na miƙa mata.

Zazzaɓin ya sauka. Sunan da suka laƙaba wa yarinyata ne ban san maganinsa ba.