Ƙarfe Sha Ɗaya na Safiyar Talata

Litinin, 3 ga Yuni

Jadawalin wata ya fito. Na duba layin shirye-shiryen dare, babu. Na sake bi da yatsa, babu. Can ƙasa na hango shirina: Talata, 25 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe, tsakanin shirin girki da maimaicin wasan kwaikwayon da aka fara nunawa tun ina goyon auta.

Wata tara na yi a kan shirin nan. Wata tara ina bin matan da mazajensu ke duka, waɗanda in sun je asibiti sai su ce zamewa suka yi a banɗaki. Da ƙyar mata biyar suka yarda suka yi magana. To wa ke kallon talabijin da sha ɗaya na safe? Ba alƙali, ba ɗan majalisa, ba ɗan sanda. Mazan da nake so su gani su ji kunya kuwa duk suna wurin aiki.

Aikin Agogo ne, mai tsara jadawalin tasharmu. Mun sa masa sunan ne don ba ya ganin mutum, sakan yake gani. Wallahi na tsani mutumin nan.

Talata, 4 ga Yuni

Na same shi a ɗan kurkukun ofishinsa, shi da allonsa mai ƙananan takardu kala-kala da butar shayin da ba ya yi wa kowa tayi. Na ce ina son bayan labaran ƙarfe takwas na dare. Bai ko ɗago ba.

"Malama, kin saurari farkon faifai na huɗu?"

Ji mini mutum! Ni da na ɗauka da kaina? Wannan ma wata ɗabi'arsa ce mai ban haushi: kafin ya ba shiri lokaci sai an kai masa duk abin da aka ɗauko, har wanda aka yanke aka zubar, ya zauna yana saurare kamar wanda ba shi da gida. Na ce masa aikinsa manna takarda a allo ne, ba koya mini aikina ba. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo.

Alhamis, 6 ga Yuni

Mai Ɗinki ta kira. Ita ce ta huɗu a shirin, kuma ita ce ƙashin bayansa. Mun rufe fuskarta, mun sauya muryarta, amma mun bar hannunta na hagu a kan keken ɗinki, da ɗan yatsan da mijin ya karya ya warke a karkace. Sakan sha ɗaya, ba magana, sai ƙarar keke. Ban taɓa ɗaukar abin da ya kai shi ba.

"Anti, ƙarfe nawa za a sa?" Na ce ba a tsayar ba tukuna. Kunya ta hana ni ce mata an jefar da mu da rana. Sai ta ce, "Kin dai tuna ko, Anti?" Na ce na tuna mana. Ina tsallaka titi a lokacin, ban ma san me zan tuna ba.

Asabar, 8 ga Yuni

Na cika gida da mita. Baban yara ya ce in ci gaba a haka zai nemi a sa ni a jadawali, safe da yamma. Ban yi dariya ba.

Inna tana ninke kayan yara ta ce, "Wato mu da muke zaune a gida da rana ba mutane ba ne?" Na ce Inna ba za ki gane ba. Ta ce ai shi ke nan, tunda ita ba ta yi boko ba.

Litinin, 10 ga Yuni

Taron mako. Na tashi a gaban kowa na tambayi Agogo dalili. Ya ce, "Ba maganar cikin jama'a ba ce, Malama. Ki zo ofis."

Na ce don ba shi da hujja ne. Na ce wasu mazan in sun ga shiri irin wannan jikinsu ke yin sanyi, sai su nemi ramin da za su binne shi. Na ce wa ya sani ko a gidan wani ma ana yawan zamewa a banɗaki.

Dogo, mai haɗa mini hoto, ya ja mini gefen mayafi. Agogo ya rufe littafinsa, ya dube ni, ya fita.

Na san na wuce gona da iri. Ba zan janye ba.

Laraba, 12 ga Yuni

Takarda a ƙarƙashin ƙofata, da rubutunsa mai kama da tafiyar tururuwa: "Faifai na 4, minti biyu na farko." Na naɗe cingam da ita.

Juma'a, 14 ga Yuni

Na tsallake shi na je wurin Manaja. Ban yi dogon bayani ba, hannun kawai na nuna masa. Ya kalla sau biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Wannan za a sa da rana? Wane ne ya yi wannan shirmen?" Na ce ranka ya daɗe, ni ma abin da nake tambaya ke nan.

Ya rubuta umarni nan take: Alhamis, 20 ga wata, takwas da rabi na dare. Tallan shirin kuma ya fara fita daga Talata, takwas saura minti biyar, gab da labarai, lokacin da kowane maigida ya miƙe ƙafa a gaban akwatinsa. Da hannun za a buɗe tallan.

Na kai wa Agogo takardar da kaina don in ga fuskarsa. Fuskar ba ta yi komai ba, ta hana ni jin daɗin.

Litinin, 17 ga Yuni

Agogo ya tare ni a bakin matakala. "Malama, minti biyu nake roƙo. Matar nan mai keke..." Na ce kada ya kuskura ya sa bakinsa a kan matan nan, bai san komai a kansu ba. Na wuce na bar shi a tsaye.

Mai Ɗinki ta kira sau uku, ban ɗauka ba. Ina so sai tallan ya fita in yi mata albishir.

Talata, 18 ga Yuni

Dole in rubuta abin da ya faru yau.

Da yamma lauyan tasha ya aiko yana son shaidar amincewar matan, wai haka dokar shirye-shiryen dare take. Yadda muke yi shi ne, kafin kowace hira mu kunna kyamara, mutum ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda, sannan a fara. Wannan guntun ba ya shiga shiri, ajiyewa ake yi, ba mai komawa kansa. Na ce Dogo ya tattaro su. Shida da rabi muka zauna muna bi ɗaya bayan ɗaya don mu tura.

Faifai na huɗu. Ga ta zaune, fuskarta a buɗe, tana murza bakin zani.

"Na yarda, Anti, amma da sharaɗi. Mijina bakwai na safe yake fita, shida yake dawowa. Labaran takwas na tasharku ba sa wuce shi, ko ba shi da lafiya. Ko kun rufe fuskata zai gane hannun nan, ai shi ya karya shi. In ya gani kashe ni zai yi. Ki sa da rana, don Allah."

Sai ga muryata daga bayan kyamara, har da 'yar dariya: "Haba, kada ki damu! Da rana kawai, na yi miki alkawari. Dogo, gyara fitilar nan, tana haska mata goshi."

A numfashi ɗaya na yi alkawarin na koma kan fitila. Wata bakwai ke nan, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Dogo ya ce, "Innalillahi. Anti, tallan!"

Bakwai da kwata. Ban san yadda na sauka bene biyu ba, takalmi ɗaya ma a matakala na bar shi. Na faɗa ɗakin watsa shiri ina cewa a tsayar, a tsayar. Agogo na zaune a bayan masu aiki da littafinsa a cinya. Ya dubi ƙafata, ya dube ni.

"Ban ɗora ba," ya ce.

Na ce umarnin Manaja fa? Ya ce ya gani. Na ce to me ya hana shi faɗa wa Manaja gaskiya tun farko, ya huta da ni? Ya ce, "In na faɗa, ke ce a bakin ƙofa, karya alkawarin da ke kan faifai ba ƙaramin laifi ba ne. Kuma kafin la'asar duk tasha ta san labarin matar. Na fi so ki ji da kunnenki."

Ban ce na gode ba, bakina ya ƙi. Na tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa har takwas saura biyar ta yi, aka sa tallan sabulu.

Laraba, 19 ga Yuni

An ba Agogo takardar tuhuma saboda ƙin bin umarni. Shekara ashirin da uku yana aiki, wannan ce ta farko, in ji sakatariya. Bai ambaci sunana ba. Wannan ma wata hanyar cin mutunci ce, wallahi, ya bar ni ina yawo da abin a ƙirji.

Na kira Mai Ɗinki na ce Talata, sha ɗaya na safe. Ta sauke ajiyar zuciya har na ji ta waya. Ta ce kwana uku ba ta iya cin abinci. "Ai na san ba za ki manta ba, Anti."

Alhamis, 20 ga Yuni

Na shiga wurin Manaja da faifan, na rufe ƙofa. Ya yi faɗa har sakatariya ta leƙo. Shiri ya koma Talata, takardar tuhuma ta koma kaina. Daidai ne.

Na haɗu da Agogo a hanya. Na buɗe baki zan yi maganar abin da na faɗa a taro, sai ya ce, "Minti arba'in da shida ne cif, ko?" Mutum kamar katako! Na ce eh, na wuce.

Litinin, 24 ga Yuni

Tun Asabar abin ke cina. Da rana mijin ba ya nan, gaskiya ne. Amma maƙwabta suna nan, ƙanwarsa tana nan, matan da ke kai mata ɗinki suna nan, kuma duk sun san yatsan.

Na ce Dogo ya cire hannun. Ya juyo da kujera gaba ɗaya. "Anti, shi ne fa shirin." Na ce na sani, cire. Na fita waje don kada in ga lokacin da zai yi.

Ko awa ba a yi ba wayar ofis ta yi ƙara, Agogo ne. "Malama, shirinki ya gaza da sakan sha ɗaya." Na ce ya cike da abin da ya ga dama, ko hoton butar shayinsa ne. Na kife wayar.

Talata, 25 ga Yuni

Ban je aiki da safe ba. A falo na kalla, ni da Inna, tana tsintar shinkafa a faranti. Wajen minti na goma ta ajiye farantin, ba ta sake ɗauka ba.

Wurin da hannun yake a da ya wuce, ni kaɗai na san akwai rami a wurin. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Da shirin ya ƙare sai allo ya yi baƙi, lambar wayar cibiyar da ke taimakon irin matan nan ta fito da manyan baƙaƙe. Sai wata busasshiyar murya ta karanta lambar a hankali, sau biyu, saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Muryar Agogo ce. Shekara ashirin da uku ba a taɓa jin sa a iska ba. Na duba agogon bango, sakan sha ɗaya cif. Ni da na yi wata tara a kan shirin ban yi tunanin sa lambar ba.

Sha biyu da 'yan mintoci Mai Ɗinki ta kira, tana magana ƙasa-ƙasa. Ita kaɗai ta kalla, ta sa sakata. Ta ce ta rubuta lambar da allin ɗinki a ƙarƙashin keke, inda mijin ba ya dubawa. "Ban ce zan kira ba fa, Anti. Na dai rubuta."

Har yanzu ba na son mutumin. Ba ya gaisuwa, ba ya tayin shayi, kuma da ya ga dama da ya ɗaga murya tun ranar farko ya ce mini ke, zauna ki ji. Ko da yake ya faɗa, sau huɗu.

Da la'asar na cike takardar neman lokaci ta shiri na gaba. Gurbin da aka rubuta "lokacin da ake so" na daɗe ina kallonsa, sannan na bar shi ba komai. Na haɗa da duk faya-fayan, har waɗanda za a yanke, na kai ofishinsa. Ba ya nan. Na ajiye kusa da butar, na rubuta a sama: "Malam, ka saurara tukuna."