Jini a Kan Buhun Riɗi

Alhamis da dare, Maigatari

Kwanana tara da zama manajan sito, yau an zub da jini a gabana, kuma ni na jawo.

Ni na soke layin 'yan dako, na ce wanda ya riga zuwa shi zai fara lodi. Ban shawarci kowa ba. Ashe a nan, wanda ya tafi jana'iza ajiye masa layinsa ake yi. Habu ya dawo daga binne yayansa a Gagarawa, ya tarar Sale na lodin motar da ta kamata ta zama tasa. Kafin in buɗe baki Habu ya kafta masa ƙugiyar buhu a kafaɗa. Jini har kan riɗi. Na yi ta ihu, "Ku bari, ni ne manaja!" Ko kallo ban ishe su ba.

Baba Ilu, dattijonsu, hannu kawai ya miƙa, Habu ya ba shi ƙugiyar yana kuka.

A asibiti Baba ya ce mini, "Ɗana, shekarata talatin a siton nan. Da ka tambaye ni."

Ɗinki bakwai aka yi wa Sale. Tambaya ɗaya ce na ji girman kan yi.