Littattahan Kakanka Suna Nan

Maigidana Sanusi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Kwatano, yaya aiki, yaya Hadiza da yara? Mu nan lahiya lau.

Saƙonka ya iso, wai in saida littattahan marigayi kakanka tunda duk akwai su cikin wayar salula. Na sa maƙwabcinmu Malam Idi ya duba mini. Tafsirin da ke dala dubu a kasuwa, na salula ma dala dubu ne, kuma ba ya aruwa. Na kakanka yanzu haka yana garin Gene an ara, mata huɗu na jiran a maido shi. Ba ni saidawa. In ƙurarsu ta dame ka, taho ka kakkaɓe, rago.

Ka sa mu cikin addu'a, ka gaida mutanen gidan.

Kakarka Dije