Ni Ce Na Yi Ihu a Ƙofar Kasuwar Mora

Zuwa ga Hajiya Halime, mai kula da wannan fili.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki taimake ni saboda Allah, kuma ki gaggauta, domin ranar Asabar ta makon gobe ake so in tsaya gaban mata fiye da ɗari biyu, in ɗaga hannu in roƙa wa yaƙi nasara. Ni kuwa kwana goma sha ɗaya ke nan ina tayar da sallah zuciyata tana tafasa. Ba lallashi nake nema ba, na sha shi har ya gundure ni. Gaskiya nake so, ko da za ta yi mini ɗaci.

Shekarata hamsin da ɗaya. Haifaffiyar Mora ce ni, yanzu ina zaune da mijina a Poumpoumré, cikin Garwa. A Mora aiki biyu aka san ni da su: ina yi wa mata masu jego wanka da ɗaurin ciki, ina kuma wanke gawar mata. Ki riƙe waɗannan biyun, su ne za su yi shaida a kaina.

Shekara tara da suka wuce, lokacin da 'yan ta'adda suka matsa wa yankinmu, bam ya tashi a gefen kasuwa, daidai inda ƙanwata Fanta take kasa albasa. Ni na wanke abin da aka samu nata. Ba zan bayyana miki ba. Iyakar abin da zan ce, likkafanin da muka yanka ya yi mata yawa, sai da muka ninka shi.

Bayan wannan sai 'yan komite, wato samarin gari masu gadi da gora da kwari da baka, suka ce ba ya yiwuwa su riƙa taɓa jikin matan mutane, ana buƙatar mata masu lalube a ƙofar kasuwa. Ni ce ta farko da ta ba da suna. Tsarin aikin shi ne, mace ta tsaya nesa da ni kamar taku goma, ta sauke kayanta, ta ɗaga hannu, sai na ce ta matso sannan ta matso, in shafa ta daga ƙirji zuwa ƙugu. Wata huɗu na yi ina wannan aiki ban karɓi ko sisi ba, ina ganin ibada nake yi.

Wata ranar Lahadi, ranar babbar kasuwa, wata mata daga cikin Kiristocin da suke noma a kan dutse ta zo da ƙwaryar wake a ka, ba goyo a bayanta. Da na shafa ta sai na ji tauri ƙarƙashin rigarta, an naɗe cikin tam. Yatsuna suna danna wurin ta yi baya da sauri, ta dafe cikin da hannu biyu. Na yi ihu. Ban tambaye ta ba, ban ko dubi fuskarta ba. Kasuwa ta watse, ɗaya daga cikin samarin ya jefe ta da gora ta faɗi, sauran suka rufe ta da duka. Da aka yage rigar, tsohon zani ne aka naɗa sau huɗu, ƙarƙashinsa kuma ɗinkin asibiti. Kwananta ashirin da haihuwa, aiki aka yi mata aka ciro jaririyar. Ta bar ta wurin surukarta, ta sauko ta sayar da wake ta sayi maganin da likita ya rubuta. Sunanta Jeannette. Ba ta mutu ba, amma an karya mata ƙugu, har yau ba ta iya hawa dutsen da gidanta yake ba. Masu kawo wake daga can sun ce tana zaune wurin dangi a gindin dutsen, tana sayar da gyaɗa.

Hajiya, da wannan hannun na ɗaure cikin matan da ban san adadinsu ba. Na san taurin zani, na san yadda mai rauni take janye jikinta. Hannuna ya gane abin da ya taɓa, bakina ne ya riga shi. Kullum ina tambayar kaina, tsoro ne ya sa na yi ihun, ko kuwa wata huɗun nan jiran wadda zan rama Fanta a kanta nake yi? Ina azumin Litinin da Alhamis tun daga wannan shekarar, amsar ba ta zo ba.

Da muka ƙaura Garwa sai na tarar labarin ya riga ni isowa, kuma ya canja kama a hanya. A ƙungiyarmu ta matan Mora mazauna Garwa, cewa ake yi na tsayar da 'yar ƙunar baƙin wake, na ceci kasuwa guda. Jarumar ƙofar kasuwa suke kirana, a sahun gaba suke shimfiɗa mini darduma. Ban taɓa cewa haka aka yi ba, amma ban taɓa cewa ba haka aka yi ba. Shekara tara.

To, bana hare-hare sun sake tsananta a ƙauyukanmu. A reyiniyo ɗin da muka yi, wato taron wata-wata, aka yanke cewa za mu yi gangami mu roƙi hukuma ta ƙara sojoji, a kakkaɓe duwatsun gaba ɗaya. Wallahi awa biyu aka kwashe ana gardama kan launin atamfar anko, kore za a ɗinka ko ruwan ƙasa, maganar yaƙin kuwa ba ta ci minti biyar ba. Shugabarmu Hajiya Achta ta miƙe ta ce duk wanda ya ɓuya a dutse a ƙone shi tare da dutsen, mata suka rangaɗa guɗa. Guɗa, Hajiya, kamar an kawo lefe! Su waye a kan dutsen? Masu gero da wake ne, da tsofaffi, da 'yar Jeannette mai shekara tara. 'Ya'yan Hajiya Achta biyu suna karatu a Yawunde, ɗaya yana Turai, ba wanda za a aika ya taka nakiya a cikinsu. Tana zaune ƙarƙashin fanka tana raba mutuwa, sannan ta juyo ta ce wai jarumarmu ce za ta ba da labarinta ta kuma ja addu'a, don zukatan mata su ɗauki wuta.

Na kai kukana wurin ƙanena Muntaka, malamin makarantar sakandare ne, ina tsammanin zai sanyaya ni, sai ya ƙara hura ni. Ya kishingiɗa yana shan shayi yana karanta mini cewa babu yaƙin da ya taɓa zama daidai, duk cinikin masu sayar da makamai ne, wanda ya goyi bayan soja ya yi tarayya a jini. Saura kaɗan in mare shi, da furfurarsa. Ranar da aka kewaye ƙauyen mahaifiyarmu yana nan Garwa yana gyara takardun jarrabawa. Wani soja ɗan kudu, wanda bai san kalma ɗaya ta yarenmu ba, shi ya goya tsohuwar a bayansa ya fito da ita. Da an bi maganar Muntaka da wa zai goya ta? Ba shi ya wanke Fanta ba, shi ya sa bakinsa yake da sauƙi.

Ina fushi da masu guɗa, ina fushi da mai shayi, wadda na fi jin haushi kuwa ita ce mai wannan wasiƙa. Ki gaya mini: akwai yaƙin da Allah Ya yarda da shi, ko duk kanmu muke ruɗa? Ya halatta mace irina ta ɗaga hannu ta roƙa masa nasara? In na hau na faɗi gaskiya a gaban taro, zan karya gwiwar masu neman a kare iyayenmu. In na yi shiru, zan ci amanar gurguwar da ni na gurgunta. Mijina ma, da yake ba ya gari a lokacin, bai san ainihin abin da ya faru ba.

Wassalam.
Wata baiwar Allah, Poumpoumré.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Yaya, Allah Ya jiƙan Fanta. Na canja sunayen da kika ambata kafin a buga. Kin ce ba kya son lallashi, to ba zan yi ba.

Na fara da tambayarki ta farko. E, akwai yaƙin da ya halatta. Mutanen da aka afka wa a gidajensu suna da haƙƙin a kare su, kuma addininmu da ya ba wanda aka zalunta izinin kare kansa, shi ne ya ja masa iyaka a wuri guda: ba a taɓa mace da yaro da tsoho, ba a ƙone gonar wanda bai ɗauki makami ba. Hajiya Achta tana da gaskiya cewa ƙauyuka suna buƙatar kariya, ta yi kuskure babba da ta haɗa ɗan ta'adda da manomi a wuta ɗaya. Muntaka yana da gaskiya cewa yaƙi yakan ci wanda bai ji ba bai gani ba, ke ce shaidarsa ma, amma mahaifiyarku da aka goyo ta ishe shi amsa. Yaƙin kare kai kamar yanke ƙafar da ta ruɓe ne: likita yakan yi don dole, ba a yi masa guɗa. Kada dai ki tsananta wa matan nan a zuciyarki. Da yawansu sun binne nasu kamar yadda kika binne taki, guɗarsu ma wani irin kuka ce.

Sai dai, Yaya, ina ganin kin ɗauko babbar tambaya kin rufe ƙarama da ita. Ba ke za ki yanke ko a tura soja ba. Abin da yake hannunki shi ne Jeannette, da kuma sunan da kike amsawa alhali ba naki ba ne. Ihun da kika yi kuskure ne na daƙiƙa ɗaya, a lokacin firgici, kuma ba ke kika ɗaga gora ba. Ko tsoro ne ko ramuwa, ban sani ba, ke ma wataƙila ba za ki taɓa sani ba. Ki tuba daga duka biyun ki daina tono. Shirun shekara tara kuwa ba firgici ba ne, zaɓi ne, kuma shi ne yake cin ki. Kin fi ni sanin cewa azumi ba ya sauke haƙƙin ɗan'adam.

Ga abin da zan ba ki shawara ki yi. Yau ɗin nan ki zaunar da maigidanki ki gaya masa komai, kada ya ji a bakin wasu. Gobe ki je gidan Hajiya Achta ke kaɗai, ki faɗa mata abin da aka tarar ƙarƙashin rigar nan. Kada ki bari sai ranar Asabar ki fasa mata taro a gaban jama'a. Kin taɓa yin ihu kafin ki yi tambaya, kada ki maimaita. Ki ce mata ba za ki ba da labarin jarumta ba, domin babu shi, kuma a daina kiranki da wannan suna. In har yanzu suna son addu'arki, ki hau ki yi ta da zuciya ɗaya: Allah Ya kare mutanen ƙauyuka, na ƙasa da na kan dutse, Ya karya azzalumai, Ya mayar da sojoji gida lafiya, Ya tsare hannunsu daga jinin wanda ba shi da laifi. Wannan ba ta karya gwiwar kowa. In suka ce ta yi sanyi, sai wadda take da wuta, ki ninke ankon ki zauna a gida, ba ki yi asarar komai ba. Kuma kada ki ambaci sunan Jeannette a bainar jama'a sai da izininta. Ciwon nata ne.

Bayan haka sai Mora. Ki fara bincika lafiyar hanya, ki tafi tare da maigidanki. Kada ki je wa Jeannette kwatsam. Ki aika wata dattijuwa daga majami'arsu ta tambaye ta ko za ta yarda ta gan ki. Tana da ikon ta ƙi. In ta ƙi, ki haƙura, ki nemi hanyar da za a kai ta wurin likitan ƙashi ko a tallafa wa karatun 'yarta ba tare da an matsa mata ba. In ta yarda, kada ki je da dogon bayani kan Fanta da halin da ake ciki a lokacin, ta fi ki sanin halin. Ki ce ni ce, na zalunce ki, ki yi shiru ki saurara. Gafara ba dole ba ce a kanta, kada ki tsaya kina jiranta kamar wadda ta zo karɓar ajiya.

In kin isa ƙofarta, ki tsaya nesa taku goma, ki sauke abin da kika ɗauko, ki jira har sai ta ce ki matso.

Allah Ya ba ki ƙarfin tafiyar, Ya ba Jeannette lafiya, Ya zaunar da Mora da duwatsunta cikin aminci.

Taki,
Hajiya Halime