Kwat Ɗin Aro a Talabijin

Zuwa ga Uwata, ma'aikaciyar gidan talabijin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaida mini ƙanwata, mahaifiyarki, ki ce mata maganin gwiwar da ta aiko ya ƙare, gwiwar kuma tana nan.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Kunnen ne. In na kira ki, rabin hirar "na'am?" ce. Takarda kuwa ba ta katse ni.

Ƙara na kawo, kuma gidanku nake ƙara. Tun da aikin hoto ya ja baya, kullum da yamma ni da Dogo muna kan bencin ƙofar shago, talabijin tana kan teburin da a da nake yanka hotuna. Kin tuna Dogo, tsohon direban nan aminina, wanda yake ɗaga ki ki taɓa allon shago kina ƙarama. To mun ga shirin girki, mun ga na ƙwallo, mun ga har na kiwon zomo. Dogo ya ce saura na kiwon kiyashi. Amma hoto fa? Yau kowa da kyamara a aljihu, kuma ba wanda ya san inda zai tsaya. Jikata ta nuna mini hoton ajinsu, an jera yara sun ba rana baya, fuskoki sun fito kamar gindin tukunya. Da ma a samu mai gaya wa mutane ko sau ɗaya a mako: bar taga a gefenka, kada ka sare wa mutum ƙafa, jira ya gama ƙifta ido.

Ku da kanku ai da hoto kuke ci. Talabijin hoto ce da ta koyi tafiya, ta tafi ta manta gida. Ki gaya wa manyanku na ce a ƙara shirin hoto.

Na gaishe ki.
Kawunki, Mai Hoto

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Mama tana gaishe ka, ta ce gwiwar ba ta magani ba ce, ta shekaru ce.

Na karanta wasiƙarka a taron ofis. Da na zo wajen hoton da ta koyi tafiya, manaja ya ajiye biro ya ce, "Wannan tsohon muke so." An ba mu shiri ɗaya na gwaji, kuma kai ne baƙo. Ka ce a ƙara, to ga shi an ɗora maka.

Ka zo da tsohuwar kyamararka mai ƙafa uku, da akwatin tsofaffin hotunan nan na ƙarƙashin kanta, da baƙin kwat ɗin da ke rataye bayan labule. Kada ka ji tsoro, ba kai tsaye za a nuna ba. Ɗauka za mu yi, duk abin da bai dace ba ni da hannuna zan yanke. Mota za ta zo ta ɗauke ka. Don Allah ka sa hular da ba ta koɗe ba.

'Yarka

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun.

Ke kin ga abin da aka yi a ɗakin ɗauka. Ba ki ga abin da aka yi a ƙofar shago ranar da aka nuna ba. Dogo ne ya bi gida gida yana shela, wai amininsa zai fito a talabijin. Shi ya ɗauko ta ya kafa a waje. Ya zo da mai ɗakinsa, da 'ya'yansa, da surukinsa malamin makaranta, da jikoki. Tela ya rufe shago ya zo, mai gyaran keke ya zo. Ni kuma na zauna a tsakiya ina kumbura.

Da farko lafiya lau. Na yi bayanin taga, na yi bayanin inuwa. Sai yarinyar nan mai gabatarwa ta zaro hoto daga akwati ta ce, "Baba, wannan babban akawun fa, wane ne?" Kafin in amsa a cikin talabijin, jikan Dogo ya miƙe a kan titi ya ce, "Ga Kaka! Hoton falonmu ne."

Kin san amsar da na bayar. Ni kuwa har ga Allah na manta na faɗe ta, sai da na ji ta tana fitowa da muryata. Na ce, "Akawu? Ɗan dako ne a tasha. Kwat ɗin nawa ne, ga shi nan. Agogon ma nawa ne, bai taɓa tafiya ba. Hannun kwat ya yi masa gajere, shi ya sa na ɓoye hannunsa ɗaya bayan tulun fure. Gida ya aika da hoton, aka ba shi mata." Yarinyar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni ma na ga kaina ina dariya, haƙora duk a waje.

Ki bari in gaya miki abin da ba ki sani ba game da kwat ɗin nan. A zamaninmu kowane shagon hoto yana da nasa. Saurayi zai baro garinsu ya zo neman abinci, ya yi ta ɗaukar buhu, iyaye suna can suna jiran labari. Sai ya zo a sa masa kwat, a ɗaura masa agogo, a tsayar da shi gaban labule mai zanen bene. Maigidana da ya koya mini aiki bai taɓa kiran wannan ƙarya ba, cewa yake yi mutum ya ari gobensa ne. Doka ɗaya ya kafa mini: wanda ya sa kwat, da ya cire ka manta. Irin hotunan ba a liƙa su a gilashin ƙofa, akwati ake sa su. Na riƙe dokar tun ina saurayi har na yi furfura. Fitila ta haske ni, yarinya ta yi mini dariya, na saki dokar.

Ba wanda ya yi dariya a ƙofar shago. Suruki ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. A gidan Dogo kowa ya taso da sanin cewa Baba ya fara da aikin ofis, zama ne ya gundure shi ya koma tuƙi. Dogo ya jira har aka gama shirin, don ba shi da gaggawa. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe riga, ya ce, "Mai Hoto, ashe kana da baki haka." Ya tafi, iyalinsa suka bi shi a jere.

Kofin shayinsa yana nan inda ya ajiye. Bai dawo ba. Na je ƙofar gidansu har sau biyu, ina juyowa ban shiga ba.

Ba ina ɗora miki laifi ba ne. Bakin nawa ne.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, in har za ka amsa.

Ka ce bakin naka ne, to almakashin nawa ne. Ranar da muke tace shirin na gane fuskar Baba Dogo, tun kallon farko. Na ɗora hannu zan yanke wajen, sai duk ɗakin ya fashe da dariya, aka ce a maimaita. Na ce wa kaina ai ba ka ambaci suna ba. Kamar akwai wani mai irin tsawon nan a unguwarku. Na yi maka alkawari a rubuce, ban cika ba. Mama ta ce mutumin da ya goya ni a kafaɗa na sayar don a tafa mini.

Akwai abin da ya fi wannan. An yanko daidai wajen, yana ta yawo a wayoyin mutane. Na roƙi a cire shi daga shafinmu, an cire, amma na hannun jama'a ba ya ciruwa.

Ga kuma saƙon da aka aiko ni da shi, ina jin kunyar isar da shi. Manaja ya ce ba a taɓa kiran waya a kan wani shiri kamar wannan ba. Yana so a mayar da shi na kowane mako, kai da akwatinka, kowane hoto da labarinsa. Ya ce in tuna maka kai ka nemi a ƙara shirin hoto. Na ce zan rubuta. Na rubuta.

Ka gaya mini yadda zan yi da Baba Dogo. In zuwa ne in durƙusa, zan zo.

'Yarka

*

Uwata,

Na amsa gaisuwarki. Kada ki zo tukuna, gidan bai shirya karɓar kowa daga danginmu ba.

Shekaranjiya da hantsi ina share shago sai ga mai ɗakin Dogo. Ba ta zauna ba. Ta wuce kai tsaye bayan labule, ta kamo bakin kwat ɗin ta duba.

Ta ce, "Har yanzu ba ka sa masa maɓallin ƙasa ba."

Na ce, "Ke ina kika san maɓallinsa?"

Ta ce, "Mai Hoto, kai kaɗai ne mai ido a duniya? Yayana ya riga Dogo zuwa garin nan. Hotonsa yana ɗakin mahaifiyarmu, da wannan kwat, da wannan agogon, da wannan benen. Ranar da aka kawo na Dogo na jera su biyu. Maɓalli ɗaya ya ɓace a nan, ya ɓace a can. Agogo biyu, lokaci ɗaya. Na ce ko dai ofishinsu ɗaya ne, ko shagonsu."

Na ce, "Kuma kika yarda?"

Ta ce, "Fuskar na duba. Mutum ne a tsorace cikin rigar wani, yana ƙoƙari. Na ce wannan zai yi."

Sai na ji sanyi, na ce to ai magana ta ƙare, ki gaya masa mana. Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya fasa tulu yana murna ya ga ruwa.

Ta ce, "Na gaya masa. Nan na ɓata. Na zaci lallashi nake yi. Ya ce, 'Wato duk safiyar da kike goge gilashin hoton nan kin sani? Ina ba yara labarin ofis kina zuba mini shayi kin sani?' Ya tashi ya sauke hoton, ya kifa shi a kan kabad. Kai ka tona shi a gaban gari, ni na ƙarasa shi a ɗaki. Yanzu ko masallaci ta bayan layi yake bi, don yaran titi suna kiransa Akawu."

Ta kama hanya, ta juyo daga ƙofa ta ce, "Shiru biyu ne suka riƙe hoton nan a bango, naka da nawa. Ga shi mun zubar a mako ɗaya."

Game da manajanku, ki ce masa akwatin ya koma ƙarƙashin kanta, na ɗora masa tsohon injin busar da hoto. Mutum nawa ne a ciki sanye da kwat ɗin nan? Wasu sun mutu, hotonsu yana falon 'ya'yansu. Ra'ayina bai canza ba, a ƙara shirin hoto, mutane suna bukata. In yana son tsoho ya zo ya nuna inda ake tsayawa da inda ake barin taga, zan zo, da mutanen da suka yarda a ɗauke su. In kuma dariyar ce ta yi masa daɗi, ya nemi wani. Na san zai ce shirin taga ba ya sa a kira waya. Wataƙila gaskiyarsa.

Na rubuta wa Dogo 'yar takarda, tela zai kai. Ga abin da na ce, don ki san ban yi ado ba.

Kawunki

*

Dogo,

Sallama. Ka ba ni amana kana saurayi, na fasa ta ina tsoho, don a yi mini dariya. Ba ni da hujja. Ban iya zuwa in faɗa da baki ba, ka ga abin da bakin ya yi. Kofinka yana nan, na wanke.

Mai Hoto

*

Mai Hoto,

Na ga takardarka. Ban huce ba, kada ka ɗauka na huce.

Ƙusa tana bango ba komai a kanta. Mai ɗakina ta rasa abin gogewa da safe, ta dawo kaina da magana. Gobe in rana ta yi yadda kake so, ka zo da kyamararka mai ƙafa uku. Tsohuwar rigata ta tuƙi zan sa. Mai ɗakina ma za ta shiga hoton. Hannuwana biyu za su fito, kada in ga tulun fure.

In 'yarka ta talabijin tana son labarin dako, ta zo ta ji daga bakina. Na fi ka sanin nauyin buhu.

Kada ka zo da kwat. Bakin ma ka bar shi a shago.

Maganar benci, sai na ga hoton.

Dogo