In Yage Sitikar Garantin Taubashina?

Assalamu alaikum Malam Jumare. Don Allah ka taimake ni kafin in aikata abin da zuciyata take raya mini, don ta kusa fin ƙarfina.

Sana'ata haɗa kwamfuta a Ikara. Nakan sayo kayan ciki daga Kano, in haɗa wa mutum daidai aikinsa. Taubashina Tukur mai ɗaukar hoton biki ne a Makarfi, kuma ni na haɗa masa wadda ya fara sana'a da ita. Shekara da shekaru, ko tari ta yi sai ya kira ni. Na sha hawa babur cikin ruwan sama in je in duba masa.

Bara ya je Kaduna ya sayo ta kanti, a kwalinta, da takardar garanti. Wallahi ban ji haushi ba. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ranar sunan ɗansa, a gaban jama'a, ya ce ya huta da gwangwanin Ikara, wai kowane ƙarfe a ciki da uwarsa daban. Aka yi ta dariya. Da na ɓata fuska aka ce haba, wasan taubasai ne. Alhali a wurin akwai shugaban wata makaranta a Paki da muka gama magana zan haɗa masa kwamfutocin ɗalibai. Tun ranar shugaban bai sake ɗaga wayata ba.

To, makon jiya ta kantin ta mutu, ko fitila ba ta kawowa. A cikinta akwai duk hotunan bikin wata amarya 'yar Gubuchi, Naja'atu. Mahaifinta ya rasu bayan bikin da kaɗan, hotunansa na ƙarshe ke nan, kuma Tukur ya riga ya goge katin kyamara. Masu kanti sun ce a kawo su aika Legas, amma ba ruwansu da abin da ke ciki. Sai ga shi ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, har da ce mini yaya.

Zan iya ciro faifan ajiyar in kwashe hotunan, amma sai na yage sitikar da ke bayan akwatin kwamfutar, kuma in ta yage garanti ya tashi. Shi bai san haka ba. Niyyata in yage in yi shiru, ya ɗauke ta har Kaduna su koro shi, sannan in tambaye shi a gaban mutane ina garantin. In ya yi fushi in ce wasa ne. Ko kuwa in ƙi zuwa gaba ɗaya, ya san abin da zai gaya wa dangin amarya. Wanne zai fi yi masa ciwo?

Mai Jin Zafi, Ikara

Wa alaikumus salam. Ka ba ni zaɓi biyu, kuma ba na goyon bayan ko ɗaya.

Tukur ya yi maka laifi. Wasan da ya taɓa abincin mutum ya daina zama wasa. Kana da haƙƙin gaya masa haka, kai da shi, ka ambaci makarantar Paki. Mai yiwuwa bai san abin da bakinsa ya jawo ba.

Sayen ta kanti kuwa ba laifi ba ne. Mai ita yana da takarda a hannu, sai dai gyara yana nesa, kuma masu kanti ba sa ɗaukar nauyin ajiyarsa. Mai ta haɗi ba shi da takarda: wanda ya haɗa masa shi ne garantinsa, lafiyarsa da amanarsa. Ranar da aka ji ka san illar yage sitika ka yi shiru don ramuwa, wa zai sake ba ka kwamfutarsa da sirrinsa a ciki? Da hannunka za ka gaskata maganar Tukur.

Ka je. Kafin ka kwance komai, ku karanta takardar tare, ku kira kantin. Wasu sukan yarda a ciro faifan, wasu sukan buɗe da kansu a gaban mai kaya. In sun ƙi, ka faɗa masa abin da zai rasa, ya zaɓa da bakinsa a gaban shaida. Ka kwafe hotunan wuri biyu. Bayan haka ka nemi ya je da ƙafarsa ya wanke sunanka a wurin shugaban makarantar. Wannan ya isa fansa.

Naja'atu dai ba ta yi maka komai ba, fuskar mahaifinta take jira. Allah ya huci zuciyarka, ya sa wa sana'arka albarka.