Fanaretinka Yana Nan, Yaya Habu

Zuwa ga yayana Abubakar, wanda duk gidanmu ke kira Yaya Habu, a duk inda wannan wasiƙa ta riske ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Nafi'u ne daga Kazaure. Inna tana gaishe ka. Ban san garin da kake ba, lambar da ka kira mu da ita a ƙarshe kuma ta daɗe da daina shiga, shi ya sa na baje wasiƙar a fili. Duk wanda ya san ka, don Allah ya miƙa maka.

In labari bai same ka ba, Allah ya yi wa Baba rasuwa 'yan shekaru bayan tafiyarka. An raba gado, an ware maka kasonka a gonar hanyar Gwiwa. Yanzu Baffa Sale ya ce idan an gama girbin bana mu je gaban alƙali, a yanke maka hukuncin wanda ya ɓace aka fidda rai, a raba kason. Ba mugunta ce ta sa shi ba, ka san shi. Ya ce shekaru sun fi goma, ƙasa ba ta zama haka nan. Kowa ya amince, ni kaɗai ake jira.

Kafin in gaya maka amsar da zan ba shi, sai na ba ka labarin gem. Kar ka yi dariya. Wallahi ka yi asarar kallo.

Ka tuna na farko da muka taɓa gani, a gidan maƙwabcinmu ma'aikacin kwastan? Talabijin ce marar kala, sanduna biyu farare, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da wata 'yar ƙwallo mai kusurwa huɗu tana kai da kawowa. Shi ke nan wasan. Amma muka tsaya a bakin ƙofa baki buɗe, don ba mu taɓa sanin mutum na iya ba abin da ke cikin talabijin umarni ya bi ba. Ka dawo gida kana rantse wa Inna cewa akwai waya daga yatsan mutumin har cikin gilashin.

Sai Baba ya dawo daga Kano da namu a kwali, mai kaset ruwan ɗorawa. An rubuta a jikin kaset ɗin wai wasanni dubbai ne a ciki. Muka zauna za mu ga ƙarshensu, ashe 'yan ƙalilan ne ake ta maimaita mana, a sauya wa sama launi a ce sabo ne. Ko a jikinmu. In ya ƙi tashi ka zare kaset ka hura masa iska, ka ce ni bakina yawu ya yi masa yawa. Ga kuma bindigar roba da ake harbin tsuntsaye. Har yau ina tuna yadda na leƙa bakinta ina neman abin da ke fita, ban ga komai ba, amma tsuntsu ya faɗo.

Adaftar wutarsa kuwa ba ta jure zafin garinmu ba, ga rana ga duwatsu suna mayar mana da zafinta. Kai ka ƙirƙiro jingina ta a gindin randa don ta sha sanyi. Inna ta gano mu ne ranar da ta zo ɗiban ruwa ta taka waya. Dama ita ta yarda ɗari bisa ɗari gem na cinye talabijin, kuma ba ta tambayar ko mun yi wasa a bayan idonta. Tafin hannu kawai take ɗorawa a ƙeyar talabijin, in ta ji ɗumi ta ce: Wa ya dafa min ita?

A kan wannan gem ɗin Baba ya kafa mana doka. An kira la'asar, ka danna maɓallin tsayarwa ka tafi alwala, ni kuma na lallaɓa na ɗauki fad ɗinka, abin dannawar da ake riƙewa a hannu, na jefa ɗan mutuminka a rami. Ka dawo muka dambace har muka karya ƙafar kujera. Baba bai doke mu ba. Ya ce daga yau wasan da aka tsayar amana ne, ba mai taɓa fad ɗin wani har sai mai shi ya dawo. Ya ƙara da maganar da ban taɓa mantawa ba: Wanda ba ya nan ma yana da haƙƙi.

Matsalar waccan na'ura ita ce ba ta da tunani. Ka sha wuya tun hantsi ka kai mataki na can gaba, a ɗauke wuta, a dawo da kai farko kamar ba ka taɓa yi ba. Mun yi kukan wannan ba sau ɗaya ba.

Da na faifai ya zo muna samari, mun ɗauka duniya ta ƙure. 'Yan ƙwallo suka yi jiki, suna da gaba da baya, ga muryar mai sharhi tana ihu daga cikin akwatin. Wani abokinka daga Roni ya hau babur takanas ya zo don ya ji da kunnensa. In faifan ya ƙi karantuwa mu goge shi da gefen riga, in ya ƙi mu kifa na'urar a kan cikinta, kuma abin mamaki sai ta yarda. Ga ɗan memori da bai kai kwalin ashana ba, yana riƙe maka kofin da ka fara. Sai dai ba ya riƙe wasan da ake tsakiyarsa. Wannan kam in wuta ta tafi, ya tafi.

A nan ka bar abin, Yaya. Bari ka ji inda ya kai.

Fad ba shi da waya yanzu. Kana kishingiɗe a tsakar gida kana juya mutum a cikin ɗaki. In an yi wa ɗan wasanka keta sai fad ɗin ya girgiza a tafinka, kai ma ka ji a jikinka. Kaset ya tafi, faifai ma yana bin sa, wasa ta iska yake saukowa. Ba abin hurawa, ba abin gogewa, duk gwanintarka ta zama tarihi. Ɗana Abba, mai sunan Baba, ba ka san shi ba, shi ya sa ni gaba na sayo na'ura ta zamani. Ranar da ya kunna na ga gumi yana gangarowa a goshin ɗan wasa, ciyawar fili tana kwantawa inda aka taka, inuwa tana bin kowa. Inna ta shigo ta zauna ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya wace ƙasa ce ke bugawa. Da aka ce mata Abba ne, ta tashi ta shafa bayan talabijin ɗin, siririya kamar faranti, ta ji ba ɗumi. Sai kawai ta yi salati.

Abba yana zaune a Kazaure yana karawa da wani yaro a ƙasar da bai san sunan babban birninta ba, suna magana, suna tsokanar juna. Kowa yana da sunansa a ciki, in ya hau sai ɗan koren ɗigo ya kama kusa da sunan. Mu da muke jingina adafta a randa, mu ne muka rayu muka ga wannan. Ikon Allah ya wuce tunani, ilimin da ya ba ɗan Adam ma abin tsoro ne.

Na sa Abba ya nemo min sunan da kake sa wa kanka a gem, Ɗan Dutse. Mun sami masu irin sunan da dama. Na aika wa kowannensu sallama. Wasu sun amsa da yaren da ban sani ba, wasu shiru. Ban daina dubawa ba.

Amma abin da ya fi taɓa ni ya faru ne makon jiya. Ina karawa da Abba aka kira magariba, ya tsayar, muka tafi masallaci. Muna can aka ɗauke wuta. Na ce masa shi ke nan, an yi mana irin ta da. Ya dube ni kamar na zo daga ƙauyen da ba hanya. Da wuta ta dawo ya kunna, sai ga wasan a inda muka bar shi, ƙwallo a ƙafar wanda take, agogo a tsaye. Wai ita wannan tana iya ajiye wuri. Na fita waje don kar yaron ya ga idona.

Ka san abin da na tuna. Ranar da ka tafi muna buga ƙwallo a gem a shagon ƙofar gida bayan la'asar, ci ɗaya da ɗaya, aka ba ka fanareti. Ka ajiye ƙwallo, na tsaya a raga. Sai abokin tafiyarka ya yi hon a waje. Na san kana ta zancen tsallaka iyaka ta Babura, har ka canji sefa, amma ban san ranar ce ba. Ka danna maɓalli, ka ajiye fad a kan tabarma ka ce: Kar ka taɓa, yanzu zan dawo.

Ban taɓa ba. Na bar na'urar a kunne, na hana kowa shiga shagon, har washegari da hantsi aka ɗauke wuta. Ka kira daga Agadas, ka sake kira daga can gaba, duk ban gaya maka wasan ya goge ba. Da a ce irin ta Abba muke da ita, da har yau ɗan wasanka yana tsaye a gaban ƙwallo.

To ga amsar da zan ba Baffa. Zan durƙusa in ce ya yi min haƙuri, ni bakina ba zai furta ba. In alƙali ya yanke, na san shari'a ce, ba zan ja da ita ba. Amma abin da zai faɗo min daga kasonka ba zan shuka ba, ba zan sayar ba. Dokar Baba ce, kai ma kana wurin aka kafa ta.

Sai dai girbi ya matso, Yaya, gero ya fara sunkuyawa. Ina kewarka, kuma ina tsoro. Inna ta daina ambaton sunanka, amma duk babur ɗin da ya yi hon a ƙofar gida sai ta ɗaga kai. Ba kuɗi muke nema ba, ba bayani ba. In kunya ce ta riƙe ka don ba ka samo abin da ka je nema ba, ka ajiye ta, ba wanda zai tambaye ka. Sallama ɗaya ta ishe mu, ko ta bakin wani.

Allah ya tsare ka in kana raye, ya buɗe maka hanyar gida, ya sa Inna ta gan ka da idonta. In kuma ka riga mu, Allah ya jiƙan ka, ya haɗa ka da Baba a Aljanna, ya ba mu ikon haƙura da rashin sani. Amin.

Na sayo maka sabon fad, yana cikin ledarsa, na hana Abba buɗewa. Fanaretinka yana nan. Ka zo ka buga, na san hagu za ka kai ta.

Ƙaninka mai tsaron raga,
Nafi'u